Ƙawata Ce Ta Ce In Tambaya

Shekara biyu na yi ina ajiye wani tsohon gwangwanin Milo a kan tagar ajina. Na tsaga murfinsa da wuƙa, na gaya wa yara cewa duk mai tambayar da bakinsa ya kasa furtawa ya rubuta a takarda ya jefa ciki, kada ya sa suna. Ranar Alhamis, saura minti goma a tashi, sai in buɗe in karanta abin da zai karantu. Kimiyya nake koyarwa a wata makarantar JHS a Kwadaso, cikin makarantun nan da ke ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Gana, inda ake haɗa boko da Larabci. Yawancin yaranmu 'ya'yan zango ne, Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Kotokoli da Zabarmawa, sai tsirarun 'ya'yan Asante da iyayensu suka kawo don makarantar ta fi kusa da gida.

Rabin abin da ke cikin gwangwanin shirme ne. Akwai wanda ya tambayi shekaruna, akwai wanda ya so sanin dalilin da ya sa ba ni da mota. Amma sauran rabin, idan na karanta a ɗakin malamai kafin in shiga aji, wani lokaci sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Wani yaro ya farka ya ga wandonsa a jiƙe, ya ɗauka fitsarin kwance ne ya dawo masa yana ɗan shekara goma sha huɗu, har ya daina shan ruwa da yamma. Wata ta ga ƙirjinta gefe ɗaya ya fi ɗaya, ta yi wata uku tana jiran mutuwa saboda ta ji ana maganar ciwon daji a rediyo. Wata kuma jini ya yi mata kwana tara, ba ta san ko ta yi salla ko ta bari ba, sai ta riƙa shimfiɗa darduma tana tsayawa a kai ba tare da niyya ba don kada kakarta ta gane. Kusan duk takardun 'yan matan da magana ɗaya suke farawa: "Madam, ƙawata ce ta ce in tambaya."

Na san wannan ƙawar, don ni ma na taɓa yin irinta. Ranar da na fara ganin al'ada a gidanmu na Aboabo, Mma ta ja ni bayan ɗaki, ta yaga tsohon zane ta nuna mini yadda ake ƙunzugu, sannan ta faɗi jimla ɗaya wadda ita ce duk karatun da na samu a gida: daga yau idan namiji ya taɓa ki, ciki za ki yi. Bayan sati biyu na shiga turoturo zuwa Kejetia, yaron mota ya miƙo mini canji, yatsunsa suka goge tafin hannuna. Ban yi barcin kirki ba sai da wata ya zagayo. Ba na ganin laifin Mma, abin da aka ba ta shi ta ba ni. Amma saboda wannan watan na tsoro ne na tsaga murfin gwangwanin.

A ƙarshen watan Satumba na 2019 ƙura ta tashi. Shekarar ce aka fara sabuwar manhajar firamare, sai ga wata takarda tana yawo a WhatsApp da gidajen rediyo, wai jagora ce ta koyar da abin da ake kira CSE, wato cikakken ilimin jinsi da mu'amalar maza da mata, wadda aka tsara da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. A cikinta akwai jadawalin darussa tun daga ajin ƙananan yara. Kafin kwana uku babu rumfar shayi ko wurin kitso da ba a yi zancen ba. Aka ce za a koya wa 'yan shekara biyar kwanciyar aure. Aka ce ƙofa ce aka buɗe wa luwaɗi da maɗigo. Lauya Moses Foh-Amoaning yana ta magana a kowace tasha, limaman Katolika suka ƙi, ofishin Limamin Ƙasa Shaikh Usman Nuhu Sharubutu ma ya nuna rashin amincewa. Ban taɓa ganin masallaci da coci sun haɗa baki da sauri irin na wannan lokaci ba. Ministan ilimi na lokacin, Matthew Opoku Prempeh, wanda a lokacin ɗan majalisar Manhyia ta Kudu ne a nan Kumasi, ya kira 'yan jarida ya ce babu wannan abu a manhajar da aka amince da ita. Shugaba Akufo-Addo da kansa ya tsaya a cocin St. Cyprian a garin nan, a farkon Oktoba, ya ce ba za a yi haka a mulkinsa ba.

A sama magana ta mutu ke nan. A ƙasa kuwa sai ta nemi wanda za ta faɗa wa a kai, ta samu gwangwanina. Wani yaro ya je gida ya ba da labarin abin da aka karanta ranar Alhamis, labarin ya bi gida-gida yana ƙara kitse, har ya zama wai akwai wata madam da ta riga gwamnati fara CSE.

Taron iyaye da malamai na wannan zangon karatu ya cika fiye da kullum, har aka ɗauko bencina daga ajin firamare. Bayan hayaniya ta lafa, wani dattijo ya miƙe, dillalin shanu ne a mayankar Kaase, 'yarsa tana ajina na biyu. Bai ɗaga murya ba.

"Madam," in ji shi, "ba mu ce ke mutuniyar banza ba ce. Mun san gidan da kika fito. Amma yarinyar nan awa bakwai take yi a hannunki, ni kuwa tun daga haihuwarta har ranar da za a tambaye ni a gaban Allah tana wuyana. Idan kin buɗe mata wata ƙofa a aji, ƙararrawa za a kaɗa ki tafi gida, ni zan kwana da abin da ya shigo. Kuma yau ke ce, mace, mun san ki. Gobe a yi miki canjin wurin aiki a kawo wani saurayi, ya gaji gwangwanin, ya san wace yarinya ce ke tambayar me. Ba ki ga abin da BBC ta nuna ba?"

Kwanaki kaɗan kafin nan ne BBC ta saki bidiyon binciken nan a kan malaman jami'a a Legon da Legas masu neman ɗalibai mata. Kowa a ɗakin ya gani ko ya ji labari. Na buɗe baki in ce babu suna a takardun, sai na tuna cewa ni kaina na san rubutun kowace yarinya a ajin, don ni ke duba littattafansu. Na yi shiru.

Abokan aikina da yawa sun fito taron suna cewa jahilci ne kawai. Ni ban ga haka ba, har yau ma ban gani ba. Mutanen zango ba jiya suka fara tsoron abin da boko zai yi da 'ya'yansu ba. Kakanninmu sun hana iyayenmu shiga makarantun mishan saboda sun ga yaro ya shiga da suna Musa ya fito da Moses. Har yanzu a bakinmu idan aka ce makaranta ta allo ake nufi, ta boko da sunanta na aro muke kiranta. Sai da aka yi makarantun Turanci da Larabci, gwamnati ta kafa Sashen Ilimin Musulunci a 1987, sannan hankalin da yawa ya kwanta suka saki yaransu, musamman mata. Amana ce aka gina a hankali cikin shekaru, kuma duk yarinyar da ke zaune a ajina wani ne ya danne tsoronsa ya turo ta. Idan aka zo wa irin waɗannan mutane da takarda da Turanci, da kuɗin waje a bayanta, ba wanda ya zauna da su tun farko, me ake so su ɗauka?

Aka tashi a kan cewa zan koyar da abin da ke cikin manhaja kawai. Haihuwar ɗan Adam tana cikin darasin kimiyya, lafiyar matasa tana cikin darasin zaman jama'a, kuma duka suna fitowa a jarrabawar BECE, don haka ba wanda ya ce a cire su. Amma ba gwangwani, ba tambayar da ta wuce littafi. Duk yaron da ya zo da irinta, a ce ya je ya tambayi iyayensa. Hedimasta ya sa na faɗa da bakina a gaban kowa cewa na yarda. Na faɗa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa. Gwangwanin ya koma ɗakin malamai aka riƙa zuba alli a ciki.

Wata biyar ina riƙe da alkawarin. Na zana mahaifa a allo, na rubuta sunayen sassanta da Turanci, yara suka kwafa, suka haddace, suka ci gwaji. Yarinya za ta iya kawo miki sunan kowace jijiya ba kuskure, ba ta san cewa zanen nan da ke allo cikin jikinta yake ba.

Ranar Laraba 4 ga Maris 2020 ina duba littattafan aikin gida sai wata 'yar takarda ta faɗo daga tsakiyar ɗaya. An ninke ta sau huɗu. Aka rubuta: "Madam, ƙawata ce ta ce in tambaya. Wai gaskiya ne idan karo na farko ne ba a yin ciki? Kuma wai idan an yi wanka nan take ba abin da zai faru? Wani ne ya gaya mata." Ban buƙaci duba bangon littafin ba. 'Yar dillalin shanun ce, shekararta goma sha huɗu, mai zama a benci na biyu kusa da taga, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Amsar ba ta da wuya. Ƙarya ne duka biyun. Duk yarinyar da ta fara al'ada tana iya ɗaukar ciki a karon farko, wata ma kafin ta ga jinin farko, tunda ƙwai yana riga jinin fita. Wanka kuma ba ya kai wa inda abin ya riga ya kai. Minti ɗaya ya isa in faɗa mata. Amma tambayar ba irin ta gwangwani ba ce. Yarinya ba ta ƙirƙiro wannan daga kanta. Waɗannan maganganu biyu na wanda ke lallashi ne, wanda aka ce masa ana tsoro shi kuma yake kawar da tsoron ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuwa uban da ya miƙe a gaban jama'a ya roƙe ni da girmamawa, shi ne ubanta. Idan na bi alkawari, in ce mata je ki tambayi iyayenki, na san ba za ta tambaya ba. Da za ta iya, da ba ta ninke takarda sau huɗu ba. Idan na amsa, na zama abin da aka ce ni ce a watan Oktoba. Idan kuma na kai wa uban takardar, ban san iyakar abin da fushi da kunya za su sa shi yi ba, kuma na tabbata babu yarinyar da za ta sake gaya mini komai.

Abin da na yi shi ne ban yi komai ba. Na sa takardar a aljihun jakata. Kullum in ce gobe. Ina koyarwa ina satar kallonta, ita ma tana satar kallona, kowa na jiran wani. Na gaya wa kaina ina neman hikima ne, amma gaskiyar ita ce aikina nake tsoro, da bakin mutane, da a sake tara bencina saboda ni. Kwana tara na yi a haka.

Ranar Juma'a 13 ga wata, bayan maza sun tafi masallaci, na ce ta taya ni kai littattafai ɗakin malamai. Na rufe ƙofa na ce mata ta gaya wa ƙawarta cewa ƙarya aka yi mata, na bayyana mata dalili da Hausa, ba da Turancin allo ba. Sannan na tambaye ta ko ƙawar tana cikin hatsari. Ta daɗe tana murza bakin hijabinta kafin hawaye su zo. Wani ɗan haya ne a gidansu, mai tuka pragya, irin keken nan mai ƙafa uku. Babanta ne da kansa ya ce ya riƙa sauke ta a makaranta idan hanya ta biyo da shi. Daga Indomie aka fara, aka koma kuɗin kati, har ya ba ta wata ƙaramar waya da take ɓoyewa cikin buhun gawayi. Bai kai ga abin da yake nema ba, amma ya sa mata rana. Na ce dole mahaifiyarta ta sani. Ta durƙusa ta riƙe ƙafata tana cewa Baba zai kashe ta. Na ce ba wurin Baba za mu fara ba, kuma ba ita kaɗai za ta je ba, ta ba ni zuwa Litinin.

Daren Lahadi shugaban ƙasa ya fito a talabijin ya ce an rufe makarantu daga gobe saboda korona. Na zauna a bakin gado ina lissafi: yarinya a gida daga safe har dare, uba a Kaase, uwa a bakin titi tana sayar da koko, ɗan haya a ɗakin da ke kallon nasu.

Da asuba na nufi gidan wata dattijuwa da ke karantar da matan unguwar da 'yan mata a zaurenta. Malama kowa ke ce mata. Ta yi shekaru tana wannan aiki, kuma a taron Oktoba tana cikin waɗanda suka ce a ɗauke gwangwani. Na ba ta labari ban rage komai ba, har da kwana taran. Ta saurara tana jan carbi, sannan ta miƙa hannu ta ɗauko wani Ahalari da ya sha jiki.

"'Yata," ta ce, "yarinyar nan a gabana ta sauke wannan. Babin haila ta karanta, na biƙi ta karanta, abin da ke wajabta wanka ta karanta. Tambaye ta iyakar kwanakin haila ga mai farawa, za ta ce miki goma sha biyar ba ta yi tunani ba. Mun ba su hukuncin, ba mu gaya musu abin da ake yi wa hukuncin ba. Mun ce idan an girma za a gane. To ga wani ya riga mu yi mata bayani."

Ta ce ita abin da ta ƙi a gwangwanina ba tambayoyin ba ne. Matan Madina sun tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ya fi wannan nauyi, Ummu Sulaim ta tambaye shi hukuncin mace idan ta yi mafarki, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Abin da ta ƙi shi ne a karanta tambayar 'ya mace a gaban maza, kuma a yi shi uwa ba ta sani ba. Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni ina ganin rashin suna ya isa sutura, ban lura cewa duk ranar Alhamis akwai yarinyar da ke zaune tana jin samari suna ƙyaƙyata dariya a kan sirrinta ba.

Mun sami uwar wajen ƙarfe goma, ta dawo daga bakin titin Sunyani tana wanke roba. Malama ta ce a shiga ɗaki. Ita ta yi maganar, ni ina gefe, yarinyar tana rakuɓe a bayan ƙofa. Abin da uwar ta fara yi shi ne ta juyo kaina.

"Madam, ba an ce ki bari ba? Wa ya koya mata irin wannan magana in ba ku ba?"

Malama ta ce, "Hajiya, aiki yarinyar ta ɗauko abin da ke cikin buhun gawayi."

Da wayar ta zo, uwar ba ta iya karatu ba, sai ta miƙo mini. Na karanta saƙo biyu na tsaya. Ta ɗaga hannu za ta kai wa yarinyar mari, Malama ta riƙe hannun ta ce wadda ta tambaya kafin ta faɗa rami ba ita ake duka ba. Uwar ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce da kanta take zuba wa mutumin nan koko kyauta kowace safiya, saboda yana kai mata 'ya makaranta.

Dokar Gana ba ta bar wannan a hannun iyaye ba. Yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, babu maganar yardarta, kuma wanda ya kwanta da ita ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne. Dokar yara ta 1998 kuma ta ɗora wa duk wanda ya san yaro na cikin hatsari ya kai rahoto. Na kira hedimasta a waya, shi ya sanar da jami'ar jin daɗin jama'a, ta zo ta yi tambayoyinta ta rubuta. Amma kafin ta zo mutumin ya kwashe kayansa cikin dare. Mutanen gidan suka ce tunda Allah ya tsare, a rufa asiri, yarinya mace ce, gobe aure za ta yi. Na fahimce su. Sai dai har yau idan pragya ta wuce ni da 'yan makaranta a baya, sai na leƙa fuskar direban. Yana wani gidan haya a garin nan, gidan kuma da wuya a ce babu 'ya mace.

Ranar 30 ga Maris aka kulle Kumasi, sati uku ba fita. Bayan an buɗe, cikin azumi, uban ya zo gidana bayan la'asar. Na shimfiɗa tabarma, ya ce a tsaye ma ya isa.

"Madam, na ji abin da kika yi. Allah ya saka da alheri. Amma kin yi alkawari a gaban mutane kin saɓa. Ni ne ubanta, da wurina kika zo."

Na ce, "Alhaji, da na zo, me za ka yi?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya ce, "Abin da ba za ki so ba." Sannan ya ɗago. "An ce kwana tara takardar tana jakarki. In saɓawa za ki yi, me kika tsaya jira?"

Na farkon ina da amsarsa. Na biyun ba ni da ita, har ya juya ya tafi.

Niyyarsa ita ce ya tura ta Ejura wurin ƙanwarsa, karatu ya ƙare ke nan. Sau uku Malama tana zuwa wurinsa, ban san me ta faɗa masa ba. Da aka buɗe wa 'yan aji biyu makaranta a watan Oktoba, yarinyar ta dawo, ƙaninta na rako ta safe da yamma. A ajin nan benci biyu ba su sami masu su ba. Ɗaya an ce ta koma arewa, ɗaya kuwa kowa ya san dalili, duk da cewa tun 2018 hukumar ilimi ta ba da izinin mai ciki ta ci gaba da karatu ta kuma dawo bayan haihuwa. Daga baya hukumar lafiya ta Gana ta fitar da lissafin cewa daga 2016 zuwa 2020 'yan mata fiye da rabin miliyan ne suka yi ciki kafin su kai shekara ashirin, sama da 13,000 daga ciki 'yan shekara 10 zuwa 14, kuma jiharmu ta Ashanti ce kan gaba a yawa. Ita dai tamu ta rubuta BECE a 2021. Ubanta yana amsa gaisuwata idan mun haɗu, ba ya ƙarawa.

Wata abokiyar aikina 'yar Asante ta ce mini su da can ba su da wannan matsala, don akwai bragoro. Yarinya ta ga jinin farko, a kai ta gaban sarauniyar gari, tsofaffin mata su zauna da ita kwanaki suna koya mata, a ba ta dafaffen ƙwai da dakakkiyar doya. Coci da boko suka cinye al'adar, ba su ajiye komai a gurbinta ba. Na ce mu ma gwaggo da kaka ke wannan aiki, yanzu gwaggo tana Saudiyya aikatau, kaka tana ƙauye, uwa tana bakin titi tun ƙarfe biyar.

Abin da muke yi yanzu Malama ce ta kawo shawararsa, ita ta kai wa iyaye da bakinta, shi ya sa ya karɓu. Sau biyu a zangon karatu, ranar Juma'a idan maza sun tafi masallaci, 'yan mata suna zama da ni da ita da wata nas daga asibitin da ke kusa, kuma duk uwar da ta ga dama ta zo ta zauna a baya. Maza suna da tasu ranar da wani malami da limamin unguwa. Gwangwanin ya dawo, amma a zauren Malama yake kwana, ita ke fara karantawa. Akwai tambayoyin da take cewa wannan ba ta aji ba ce, ta nemi mai ita a keɓe. Akwai waɗanda nas ke son yin bayani ya wuce inda Malama ke so, musamman idan an zo maganar hanyoyin hana ɗaukar ciki, sai su yi ta ja a gabana kafin yara su shigo, wani lokaci a daidaita, wani lokaci nas ta tafi ranta a ɓace. Kafin kowane zama muna aika takarda gida, wanda bai yarda ba ya faɗa.

Kowane zango ana samun uku ko huɗu da iyayensu suka ce a'a. Ba na jayayya da su. Yaran sukan zauna a baranda su jira a tashi, in ba su aikin lissafi su riƙa yi. Tagar ajin da ke kallon barandar gilasanta biyu sun fashe tun bara, ana jin duk abin da ake faɗa a ciki. A zaman da ya wuce na hangi ɗaya daga cikinsu ta jawo bencinta har jikin bango, littafin lissafi a buɗe a cinyarta, biro a hannu, ba ta rubuta komai. Ban ɗaga murya ba, ban kuma rage ta ba. Sau biyu na rubuta wa hedimasta a gyara tagar. Ban rubuta na uku ba tukuna.